Yadda Ake Shirya Tarihin Magabatan Bangaskiya Ba Ƙari Ba Ragi

Wanda aka ɗora wa aikin ba da tarihin Martin Luther ko William Wilberforce ko Bishop Ajayi Crowther, a taron matasa ne ko ajin makarantar Lahadi ko mujallar ikkilisiya, yakan fara da zaɓen darasin da yake so ya koyar, sa'an nan ya nemo labarin da zai dace da shi. Daga nan karkata take farawa. Da shekaru ya kamata a fara, domin su ne ƙashin bayan aikin, su ne kuma ke tona asirin labarin da aka yi wa ado.

Ka samu takarda mai faɗi, ka raba ta gida huɗu: shekara, abin da ya faru, shekarun mutumin a lokacin, da inda ka samo bayanin. Ka cika layi 15 zuwa 25 kafin ka rubuta ko da jimla ɗaya ta labarin. Gida na uku shi ake yawan rainawa, alhali shi ke sa mutumin ya tashi tsaye a idon mai sauraro. Wilberforce, wanda aka haifa a 1759, yana da shekara 21 ya shiga majalisar dokokin Birtaniya. Mary Slessor na da 27 ta bar masaƙar Dundee ta nufi Kalaba a 1876. Matashin da ya ji haka zai daina ganinsu a matsayin tsofaffin da ke cikin hotuna.

Dubi abin da jadawalin ke yi wa labarin John Newton. Yadda aka saba faɗa shi ne, guguwa ta kama jirginsa a teku, ya tuba, ya watsar da cinikin bayi. To, a jera shekarun. Guguwar ta auku a watan Maris na 1748. Bayanta ne ma ya zama kyaftin na jirgin bayi, ya yi tafiya uku tsakanin 1750 da 1754, yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa alhali mutane na ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafarsa. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku a 1754. An naɗa shi limamin coci a Olney a 1764, kuma sai a 1788 ya fito ya rubuta wa duniya abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya aikata. Shekara arba'in ke nan tsakanin guguwar da wannan furuci. Wannan labarin ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba, gama yana nuna yadda mutum zai iya tuba da gaske, amma idonsa ya daɗe bai buɗe ga zaluncin da yake ci da shi ba.

A kan Wilberforce kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa dokoki biyu su zama ɗaya. Dokar 1807 cinikin bayi ta hana, wato saye da ɗauko mutane a jiragen Birtaniya. Waɗanda ke gonakin rake a lokacin suna nan cikin bauta. Babban jawabinsa na farko a kan batun ya zo a watan Mayu na 1789, an kayar da ƙudurinsa a 1791 da ƙuri'a 163 a kan 88, sai a Fabrairu 1807 ya ci da 283 a kan 16. Dokar da ta soke bautar kanta ta 1833 ce, lokacin ya riga ya bar majalisa tun 1825, Thomas Fowell Buxton ne ke jan ragamar. Wilberforce ya rasu ranar 29 ga Yuli, 1833, kwana uku bayan ya ji cewa dokar za ta samu amincewar majalisa. Ka kuma faɗi abin da ya biyo baya: dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1834, aka ci gaba da tilasta wa yawancin bayin aiki da sunan koyon sana'a har 1838, kuma diyyar fam miliyan 20 iyayengiji aka biya, bayin ba su ga ko sisi ba. Kada ka ce ya kawo ƙarshen bauta a duniya. Amurka sai 1865, Birazil sai 1888.

Wani ƙaramin tarko shi ne kalanda. Za ka ga wani littafi ya ce an haifi John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ranar 17 ga Yuni, 1703, wani ya ce 28 ga Yuni. Babu mai ƙarya a cikinsu. Birtaniya ta sauya kalanda a 1752, aka tsallake kwana 11, aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata. Ka zaɓi lissafi ɗaya ka bi shi har ƙarshe.

Sai batun gida na huɗu, wato madogara. Ka kasa abin da ka samu kashi uku: abin da mutumin ya rubuta da hannunsa, kamar wasiƙu da littafin ajiyar ranaku, abin da mutanen zamaninsa suka rubuta, da abin da masana suka rubuta daga baya bayan sun tantance. Duk abin da za ka faɗa a matsayin tabbas, ka same shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafukan intanet goma da suka maimaita jimla ɗaya madogara ɗaya ce.

Kowane kashi da irin raunin da yake da shi. Wasiƙun 'yan mishan da aka buga a mujallu an tace su kafin a buga, domin masu ba da gudummawa ake so su ji ƙarfin gwiwa, don haka zazzaɓi, saɓani tsakanin abokan aiki da shekarun da suka wuce ba a sami mai tuba ba sukan ragu a ciki. Asalin wasiƙun suna nan a ajiye: na ƙungiyar mishan ta cocin Ingila (CMS) a Jami'ar Birmingham, na ƙungiyar mishan ta Landan (LMS) da ta aiki David Livingstone a makarantar SOAS da ke Landan. Tarihin da dangi suka rubuta kuwa so ne ke lulluɓe shi. 'Ya'yan Wilberforce biyu sun fitar da tarihin mahaifinsu a 1838, suka rage wa Thomas Clarkson matsayi, mutumin da ya yi ta zagayen tashoshin jiragen ruwa yana tattaro shaidar matuƙa da ankwa da sarƙoƙi, har sai da tsohon ya fito ya kare kansa a rubuce.

Kafa takardar Luther mai batutuwa 95 a ƙofar cocin Wittenberg misali ne mai kyau na yadda ake auna labari. Abin da ke hannu tabbatacce shi ne wasiƙar da ya aika wa babban bishop Albrecht na Mainz ranar 31 ga Oktoba, 1517, tare da batutuwan. Labarin ƙofar ya bazu ne ta bakin abokin aikinsa Philip Melanchthon bayan rasuwar Luther a 1546, shi kuwa Melanchthon bai iso Wittenberg ba sai 1518. Ba a ce ka jefar da labarin ba. Ka ce "an ruwaito cewa ya kafa ta a ƙofar coci", ka ajiye kalmar "tabbas" ga wasiƙar. Haka maganar nan da ake cewa ya rufe jawabinsa da ita a taron Worms a 1521, wato cewa nan ya tsaya, ba zai janye ba, ba ta cikin rubutun farko na zaman taron. Ƙa'idar maganganun da ake jingina wa magabata ɗaya ce: in ba ka san shekarar da aka faɗa, da wanda aka faɗa wa, da takardar da ke ɗauke da ita ba, to ka ba da ma'anar da bakinka, kada ka sa alamar zance.

Bayan haka ka koma kan jadawalin da tambaya guda: wa ke tsaye a gefensa? Wa ya yi tafinta, wa ya riƙe gida, wa ya ɗauki kaya? Kwamitin yaƙi da cinikin bayi da aka kafa a Landan a 1787 mutum 12 ne, tara daga cikinsu 'yan Kweka, wata ɗariƙar Kirista. Olaudah Equiano, wanda ya ɗanɗani bauta da kansa, ya buga labarinsa a 1789 ya yi ta yawo da shi gari gari. Samuel Sharpe, dikon na Baptis a Jamaika, ya jagoranci boren bayi a ƙarshen 1831, aka rataye shi a 1832, kuma boren nan ya girgiza majalisa. William Carey da malaman harsunan Indiya ya yi fassarorinsa a Serampore. Ɗan mishan James Schön ya dogara ƙwarai ga saurayin nan Dorugu wajen aikinsa a kan Hausa. Gawar Livingstone kuwa, Chuma da Susi da abokansu ne suka ɗauke ta watanni daga inda ya rasu a 1873 har bakin teku. A kowane tarihi ka ambaci aƙalla biyu daga irin waɗannan da sunansu.

Laifin magabata shi ne wurin da hannu ke rawa, kuma nan ne ya fi kyau a daure. Luther ya rubuta mummunan rubutu a kan Yahudawa a 1543. George Whitefield, mai wa'azin da dubbai ke taruwa a fili su saurara, ya nemi a halatta bauta a Jojiya ta Amurka, ya kuma mallaki bayi don gidan marayunsa. Dorothy matar Carey ba da son ranta ta bi shi Indiya a 1793 ba, ɗansu Peter ya rasu yana ɗan shekara biyar, ita kuma hankalinta ya gushe har ƙarshen ranta. Ka faɗi abin da ya faru, da shekarar, cikin jimla biyu ko uku, ba tsinuwa ba kuma wankewa. Kafin ka ce "haka zamaninsu yake", ka bincika ko akwai wanda ya ƙi abin a zamanin. A batun bauta akwai: 'yan Kweka na Germantown a Amurka sun rubuta ƙin yardarsu tun 1688, kafin a haifi Whitefield. Matashin da ka ɓoye wa wannan zai tarar da shi a wayarsa, daga ranar kuma zai yi shakkar sauran abin da ka koya masa.

Wajen tsarawa, jawabin minti 20 bai ɗaukar fiye da manyan al'amura uku. A tarihin Crowther, misali, za ka iya ɗaukar kama shi a Osogun a 1821 da kuɓutar da shi da jirgin yaƙin Birtaniya ya yi a 1822 aka sauke shi a Saliyo. Sai haɗuwarsa da mahaifiyarsa a Abeokuta a 1846, bayan rabuwar shekara 25. Sai naɗa shi bishop a Canterbury a 1864 da wulaƙancin da matasan 'yan mishan suka yi wa aikinsa a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Sauran shekarun ka ratsa su da jimla ɗaɗɗaya. Ka zo da taswira, ko da zanen hannu ne a allo, ka kuma gwada furta sunayen baƙi da ƙarfi tun a gida.

Inda masana suka rabu, ka nuna hakan a gajarce. Shekarar haihuwar Crowther "wajen 1809" ake cewa, domin ba a rubuta ta a lokacin ba. Equiano ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, amma takardar baftismarsa ta 1759 a Landan ta ce Karolina ta Amurka, don haka ka kawo duka biyun. In ka gama, ka miƙa wa wani rubutun tare da jadawalin, ya bi kowace shekara da kowane adadi da biro, duk wanda bai ga madogararsa a gida na huɗu ba ya zagaye shi, kai kuma ka nemo madogarar ko ka cire shi kafin ranar taron.