Yadda za a kauce wa ɗora wawa a kujerar girma

Duk lokacin da wata ikilisiya a Sabon Gari ko wata unguwa ta Kano ta tashi yin godiyar kaka ko buɗe gidauniyar gini, sai kwamiti ya zauna ya fitar da sunan shugaban taro da na babban baƙo, haka kuma ake yi idan an zo zaɓen dattawa, ma'aji ko shugabar zumuntar mata. Littafin Karin Magana da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya yi kashedi mai nauyi a kan irin wannan zama. Sura 26 aya 1 ta kwatanta girmama wawa da ruwan sama a lokacin girbi, wanda a ƙasar Isra'ila baƙon abu ne, domin girbin alkama yana zuwa ne bayan an ɗauke ruwa, kuma ko manomin gyaɗa na nan ya san ɓarnar ruwan da ya sauka a kan amfanin da aka shanya. Aya 8 ta fi zafi, domin ta ce aikin daidai yake da ɗaure dutse a cikin majajjawa. Dutsen ba zai kai ga abin da aka nufa ba, yana ma iya juyowa ya fasa kan mai jifa, wato dai wanda ya ba da girman shi ne farkon wanda zai ji jiki.

Abu na farko shi ne kwamiti ya san wanda ake nufi da wawa. Ba marar boko ba ne, ba kuma talaka ko mai sanyin baki ba. Wawan da littafin ya siffanta shi ne wanda yake ganin hanyarsa daidai ce a kullum (12:15), wanda bai damu ya fahimta ba sai dai a ji ra'ayinsa (18:2), wanda yake zazzage fushinsa duka (29:11), yake kuma komawa ga kuskuren jiya (26:11). Saboda haka tambayar da ya kamata a fara yi a kan kowane suna ita ce: yaushe aka taɓa yi wa mutumin nan gyara, kuma yaya ya karɓa?

Amsar ba ta wurin abokansa take ba, tana wurin na ƙasa da shi. A nemi jin bakin yaran shagonsa a kasuwa, direbansa, maƙwabtansa da waɗanda suka taɓa bin sa bashi, amma a yi hakan cikin hikima, kada bincike ya rikiɗe ya zama tsegumi. Labarin Nabal a 1 Sama'ila sura 25 ya nuna dalilin haka. Mutum ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, wanda da yana cikinmu yau da babu katin gayyatar da zai fita ba sunansa, amma baransa ne ya faɗa wa Abigiyel, matar Nabal, cewa maigidan ba ya jin magana, kuma taurin kansa ya kusa jawo wa gidan duka halaka a hannun Dawuda.

Daga nan sai a raba godiya da amana, wurin da a ganina aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya ba da buhunan siminti ko ya saya wa mawaƙa kayan kiɗa ya cancanci a gode masa a gaban jama'a, a kai masa ziyara, a yi masa addu'a. Wannan bai sa ya zama ma'aji ba. Yakubu sura 2 ta tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye, kuma ikilisiyar da ta saba saka wa gudummawa da muƙami za ta wayi gari ba ta iya faɗa wa mai muƙamin gaskiya. Dangantaka ma tana rufe ido kamar kuɗi. Laifin da aka kama Eli firist da shi a 1 Sama'ila 2:29 shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji, don haka idan sunan ɗan wani dattijo ko surukin fasto ya shigo, ya dace mai dangantakar ya fita waje har a gama shawara.

Idan ana shakka, a fara da ƙaramin aiki. Bulus ya umarci Timoti a gwada masu hidima tukuna (1 Timoti 3:10), kada kuma a yi gaggawar ɗora wa kowa hannu don naɗa shi a muƙami (5:22). A ba mutumin aikin da ake iya dubawa, kamar sayen kujeru ko shirya abincin taro, a ga ko zai kawo rasit da canji ba tare da an bi shi ba. A kuma lura da waɗanda yake saurare, domin Sarki Rehobowam ya yi watsi da shawarar dattawan da suka yi wa mahaifinsa Sulemanu hidima, ya bi ta sa'o'insa, kabilu 10 suka ɓalle masa (1 Sarakuna 12).

Idan kuwa an riga an ba da kujerar, ba a gyara da tozarci. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 5:22 a kan kiran ɗan'uwa wawa, kuma 1 Bitrus 2:17 ta ce a girmama kowa, saboda haka mutumin yana da haƙƙin gaisuwa da rufin asiri. Dattawa biyu su same shi a keɓe su faɗa masa abin da aka gani, a sa hannu biyu a kan duk kuɗin da zai fita daga asusu, a riƙa karanta rahoton kuɗi a taron ikilisiya, a kuma tsaya a kan wa'adin da tsarin ikilisiya ya yanka, kada a ƙara masa ko da wata ɗaya don jin nauyi.