Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen gini da haƙar masai a ƙasar Damagaram

Duk damina sai an ga sabon gida ya tsage daga tushe har taga, ko masai ya cika tun bai shekara ba, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: ba a duba ƙasar ba kafin a zuba kuɗi. Zinder, babban birnin Damagaram, tana zaune ne a kan dutse, irin manyan duwatsun nan da ke tsaye a Birni, tsohuwar unguwar garin. A wani wuri yashi ne mai zurfi a kansa, a wani wurin kana haƙa rabin mita diga ta fara tartsatsi. Fili biyu a layi ɗaya sai su bambanta.

Mafi tsada a cikin kurakuran shi ne sayen fili da rani. A watan Maris kowane fili kyakkyawa ne. Garin nan cike yake da tsofaffin kududdufai da aka haƙa don ɗibar laka, daga baya aka cike wasu da shara da ɓaraguzai, yashi ya rufe. Irin wannan ciko ba ya daina zama. Ka ɗora masa siminti, gefe ɗaya ya nutse, bango ya buɗe baki, kuma babu yaɓen da zai rufe shi. Haba jama'a, mutum zai tara kuɗin shekara goma amma ya kasa biyan lebura kwana ɗaya? Ka je filin a watan Agusta washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ya kwanta. Ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da. Sannan ka sa a haƙa rami uku, biyu a kusurwa ɗaya a tsakiya, kowanne mita ɗaya da rabi. In ka ga leda, toka ko baƙar ƙasa mai wari, a ci gaba da haƙa har a taɓa ƙasar asali. Ni dai ba na yarda a kafa tushe rabi a kan dutse rabi a kan yashi sai da ɗamarar kankare da ƙarfe ta zagaye ginin gaba ɗaya, don dutse ba ya motsi, yashi kuwa yana zama.

Sai masai. Mutane na haɗa abu biyu da aikinsu ya bambanta. Tankin da ƙazanta ke fara shiga dole ya zama a rufe ruf, da yaɓen siminti ciki, a raba shi ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Ramin da ke bayansa shi ne ke tsotse ruwa, kuma shi ne ƙasa ke yanke wa hukunci. Gwajin ba wuya: rami mai zurfin santimita 60, a cika shi da ruwa da yamma, a sake cikawa da safe. In har azahar ruwan na nan, laka ce ko dutse, kuma ƙara zurfi ba zai amfane ka ba. Mafi muni, in ramin ya taɓa dutse mai tsaga, ruwan ƙazanta zai bi tsagar ba tare da ya tace ba, ya faɗa rijiyar maƙwabci. A garin da ake kawo masa ruwa daga nesa, daga su Gogo da Arunguza, ɓata rijiya ba ƙaramin laifi ba ne. A irin wannan wuri na fi son dogon rami marar zurfi a cikin yashin sama, a shimfiɗa tsakuwa da bututu mai huji. Tsakanin masai da rijiya a bar mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare. Kar a manta bututun iska da raga a bakinsa.

Yashin kan hanya da iska ta tara ya yi laushi da yawa don kankare. A nemo na ƙorama mai kaushi. Bulo kuma a shayar da shi safe da yamma kwana bakwai, ba kwana biyu ba.

Masu son lambu a gida suna ganin kayan lambun garuruwan Mirya da Gidimuni su ɗauka ko'ina haka ne. Can fadama ce, ruwa na kusa. Yashin cikin gari ba ya riƙe ruwa, don haka a yi fangali mai zurfi, a cakuɗa baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki da biyu na ƙasa, a rufe da kara. Ɗanyen kashin awaki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. In farin ɓawo ya fito a saman ƙasa bayan ban ruwa, kanwa ce: a kankare shi, a yi ban ruwa mai yawa lokaci ɗaya don ya wanke ta ƙasa, maimakon yayyafi kullum. Bishiyar dogon yaro kuwa a nisanta ta da tankin masai aƙalla mita biyar, saiwarta na bin danshi har ta fasa yaɓe.