Yadda za ka bi labarin damben Turawa na da a tsofaffin jaridu

To masu son dambe na Garwa da Marwa, in kuna son sanin yadda Turawa ke naushi da hannu tsirara tun ba a fara sa safa ba, tsofaffin jaridunsu na nan a intanet. In rezo ya yi kyau ka shiga British Newspaper Archive (sai da kuɗi fa) ka buga sunan 'yan damben biyu da shekara, misali Sayers Heenan 1860 (Sayers ɗan Ingila, Heenan ɗan Amurka). Turanci ne tsoho, mu da muka yi boko da Faransanci sai an haɗa da Google Translate, shi ma ba duka yake ganewa ba.

Kar yawan turmi ya ruɗe ka. Za ka ga an ce Sullivan da Kilrain sun yi turmi 75 a Misisipi a 1889, kar ka ɗauka minti uku-uku ne. A dokar Landan ta 1838, wadda damben hannu tsirara ke bi, turmi ba ruwansa da agogo, da mutum ya faɗi turmin ya ƙare, a ba shi sakan 30 ya huta sannan ya taso da ƙafarsa ya tsaya kan layin da aka ja a tsakiyar fili, in ya kasa shi ke nan. Mu a damben gargajiya ka taɓa ƙasa an kashe ka, su ko wani da gangan yake zubewa don ya samu numfashi, har kokawa an yarda a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa. Minti uku da safa sai a dokar Queensberry ta 1867.

Sannan ka duba waye ke ba ka labarin, nan ne aikin yake. Editan jaridar Bell's Life, Frank Dowling, shi ne alƙalin damben Sayers da Heenan ɗin a Farnborough ta Ingila, turmi 42, sama da awa biyu, jama'a suka afka fili aka tashi ba wanda ya ci, kuma jaridarsa ce ta ba da labari! Amurkawa suka ce an cuci Heenan nasu. Shi ma Richard Fox mai Police Gazette ta Niyok yana bayan Kilrain ƙiri-ƙiri. Don haka kowane dambe ka nemi jaridar Ingila da ta Amurka ka jera su.

Da yake a lokacin hukuma ta hana damben, ɓoye wurin ake yi saboda 'yan sanda, sai ka nemi fitowar bayan an yi, a nan za ka samu sunan garin.