Yadda Ake Sarrafa Na'urar Awo Daga Kwamfuta Ta Layin GPIB

Duk wanda ya taɓa wuni gaban multimita, na'urar awon lantarki, yana kwafe lambobi da biro ya san dalilin da ya sa ake miƙa wa kwamfuta wannan aiki. Hanyar da ta daɗe ana bi ita ce GPIB, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya ƙirƙiro, aka kuma mayar da ita ƙa'idar IEEE-488 a 1975.

Da farko a haɗa kwamfuta da na'urar ta adaftar USB zuwa GPIB, a ɗaure sukurori biyu na kan kebul ɗin mai fil 24. Layi ɗaya yana ɗaukar na'urori 15 har da kwamfutar, kuma jimillar tsawon kebul kada ta wuce mita 20. Sannan a ba kowace na'ura adireshinta tsakanin 0 da 30, ba tare da biyu sun yi tarayya a lamba ɗaya ba. Multimitar 34401A, alal misali, da adireshi 22 ta fito daga masana'anta.

Bayan haka a girka manhajar VISA, wadda ita ce tafinta tsakanin shirin da za a rubuta da layin. Mai rubuta shiri da harshen Python zai ƙara PyVISA, wadda ke haɗa Python da VISA, ya buɗe na'urar da sunan GPIB0::22::INSTR idan adireshinta 22 ne.

Umarnin farko shi ne *IDN?, kuma a ganina bai kamata a rubuta komai ba sai ya yi aiki. Idan haɗin ya yi daidai, na'urar za ta dawo da sunan kamfani, da samfuri, da lambar siriyal, da sigar manhajarta, waƙafi yana raba su. Idan ta yi shiru, a koma kan adireshi da kebul tukuna.

Daga nan a aika *RST da *CLS domin a fara daga tsaftataccen yanayi, sai umarnin awo irin na SCPI, wato harshen bai-ɗaya na ba na'urorin awo umarni, kamar MEAS:VOLT:DC?. Duk umarnin da ya ƙare da alamar tambaya yana da amsa, kuma wajibi ne a karanta ta kafin a aika wani, in ba haka ba na'urar za ta yar da ita, ta ajiye kuskure mai lamba -410. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin kwamfuta ta fi na'urar sauri nesa ba kusa ba. Idan aikin mai ɗaukar lokaci ne, a bi shi da *OPC?, wanda ba ya dawo da 1 sai an kammala, a kuma tsawaita wa'adin jira, tunda daƙiƙa 2 kacal PyVISA ke bayarwa tun asali.

Na'ura ba ta sanar da shirin cewa an samu kuskure sai an tambaye ta, saboda haka a riƙa aika SYST:ERR? har sai ta amsa da 0. Lamba -113 tana nufin ba ta gane umarnin ba, galibi saboda kuskuren rubutu.

Idan na'urar mai ba da wuta ce, a kashe fitarta da OUTP OFF kafin a rufe haɗin, sannan a danna maɓallin Local domin maɓallan gabanta su dawo aiki.