Yadda Ake Nazarin Littafi Mai Tsarki: Mu Gwada da Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa

Da yawa daga cikinmu, idan gari ya waye, mukan buɗe Littafi Mai Tsarki duk inda hannu ya faɗa, mu karanta aya ɗaya ko biyu, mu rufe, mu kama hanyar gona ko kasuwa. Wannan ya fi babu, amma wanda yake so Maganar Allah ta zauna masa, ya fi kyau ya zaɓi littafi guda daga cikin 66 ɗin nan, ya yi makonni a kansa. Ga mai farawa, shawarata ita ce wasiƙar Filibiyawa, domin surori 4 ne kawai, ayoyi 104, kuma tana magana a kan abubuwan da kowane gida ya sani, wato rashi, saɓani tsakanin 'yan'uwa, da damuwa.

A rana ta farko, bayan gajeriyar addu'a ta neman jagorar Ruhu Mai Tsarki, karanta wasiƙar gaba ɗaya a zama guda, da murya idan da hali, gama da haka ne ikilisiyar farko ta ji ta. Ba za ta ɗauke ka minti 20 ba. Ai babu wanda ɗan'uwansa zai aiko masa da wasiƙa daga nesa ya fara karantawa daga tsakiya. Bulus bai rubuta da lambobi ba. Stephen Langton, babban bishop na Kantabari a Ingila, shi ake danganta wa rabon surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Lambobin suna da amfani wajen nemo wuri, sai dai sukan yaudare mu mu ɗauka kowace aya gashin kanta take ci.

Daga nan sai ka tambayi kanka wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, kuma a wane hali. Amsar tana cikin Ayyukan Manzanni sura 16 da kuma cikin wasiƙar kanta. Filibi birni ne a Makidoniya, arewacin ƙasar Girka ta yau, a ƙarƙashin mulkin Romawa. A can ne Lidiya mai sayar da tufafi masu launin shunayya ta ba da gaskiya a bakin kogi, a can ne kuma aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku, suna waƙar yabo da tsakar dare. Lokacin da Bulus yake rubuta wasiƙar ma yana ɗaure, mutanen Filibi kuwa sun aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas. Da zarar ka san wannan, kalmar farin ciki da take maimaituwa a wasiƙar za ta yi maka wani nauyi dabam.

Ɗauki 4:13, ayar da ake rubutawa a bayan mota da ƙofar shago, wadda take cewa Bulus yana iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Mutane sukan riƙe ta kamar tabbacin cin jarrabawa ko samun riba. Amma koma baya zuwa aya ta 11 da ta 12, ka ga abin da “kome” ɗin yake nufi. Bulus yana cewa ya koyi dangana a kowane hali, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Ashe ƙarfin da yake magana a kai shi ne na tsayawa cikin bangaskiya ko rumbu ya cika ko ya zama wayam. A ganina wannan ma'ana ta fi waccan amfani nesa ba kusa ba, domin manomin da fari ya cinye masa gero, da ma'aikacin da aka riƙe masa albashi, ba su da abin kamawa a fassarar da take alkawarin nasara kullum, alhali kuwa ayar tasu ce.

Idan wata kalma ta shige maka duhu, gwada juyi biyu. Fassarar Hausa ta 1932 da ta 1979 sukan bambanta a zaɓen kalmomi, sau da yawa ɗaya takan warware abin da ɗayar ta ƙulle.

Bayan karatun farko, raba wasiƙar zuwa sassa na ayoyi 8 zuwa 10 a kowace rana, ka ajiye ƙaramin littafin rubutu kusa. Rubuta da kalmominka abin da sashen ya faɗa game da Almasihu, sannan ka rubuta abu guda tak da za ka aikata kafin rana ta faɗi. Nan ne bimbini yake da wuya. Ranar da na kai 4:2, inda Bulus yake roƙon Afodiya da Sintiki su daidaita tsakaninsu, nan take zuciyata ta tafi ga wasu mata biyu na zumunta da suka daina gaisawa, har na fara shirya yadda zan karanta musu ayar. Sai da na ɗauki biro na tuna cewa ni ma na yi wata biyu ban amsa kiran ƙanena ba saboda rikicin gona. Abin da na rubuta a ranar shi ne in kira shi bayan sujadar yamma. Idan abin da ka rubuta ya shafi gyaran wani ne kawai, sake karanta sashen.

Akwai ayoyin da ba za su buɗe maka a zama ɗaya ba. A 2:12 an ce mu aikata cetonmu da tsoro da rawar jiki, mai karatu kuwa yana iya rikicewa, tun da an koya masa cewa ceto ta wurin alheri ne. Karanta aya ta 13, wadda take cewa Allah ne yake aiki a cikinmu, ka haɗa da Afisawa 2:8-10. In har yanzu da sauran tambaya, rubuta ta, ka kai wa fasto ko wani dattijon ikilisiya, ko ka ɗaga ta a taron nazarin tsakiyar mako. A sujadar iyali kuma, a bar yaro mai zuwa makaranta ya karanta sashen da ƙarfi domin kaka da ba ta iya karatu ba, sannan a fara jin ta bakinta kafin maigida ya yi bayani.