Kurakuran da aka fi yi a yawon jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan

'Yan uwa da yawa daga Jidda da Makka kan yi tafiyar kilomita kusan 700 zuwa Jizan da ke kudancin Saudiyya don su ga tsibiran Farasan a Bahar Maliya, amma su dawo ba su ga komai ba sai tasha da rana. Galibi tun a tashar Jizan lamarin yake lalacewa.

Babban jirgin da ke tsallaka mutane kyauta ne, shi ya sa wasu ke ɗauka duk lokacin da suka iso za su shiga. Ba haka ba ne. Sai da tikiti, kuma a ƙarshen mako da lokacin hutu wuri kan cika da wuri, musamman gurbin mota. A yanki tikitin zuwa da na dawowa tare tun kwanaki kafin tafiya, kowa ya riƙe igamarsa (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo. Jirgin yakan tashi da sassafe, ya sake tashi wajen la'asar, tsallakawa kuma kamar awa ɗaya ce. Duk wanda bai samu na safe ba, yawon yini ɗaya ya wuce shi. Ko dai ya biya fuluka, wato ƙaramin jirgin haya, ko ya shirya kwana. A ganina ma kwanan ya fi, idan da hali.

Sai batun mota. Babban tsibirin yana da faɗi, bakin ruwan da ake so ba a kusa da tasha yake ba. Ko ka tsallaka da motarka, ko ka shirya wanda zai ɗauke ka.

Inda aka fi cutuwa shi ne wurin mai kwalekwale. Mutum ya ji farashi ya ce to, sai an shiga ruwa a gane awa biyu kawai aka saya. Kafin a taka jirgi a tambaya: awa nawa, wane tsibiri da wane, nawa ne kuɗin duka, akwai rumfa, akwai rigar ceto daidai yawan mutane har da ta yara? A tabbata kuma yana da izinin jami'an tsaron iyaka, domin yankin na kusa da Yaman, ba a fita ruwa sakaka. Wanda ya ce maka "ba matsala, Alhaji" bai nuna maka rigunan ba, nemi wani.

Dajin gandal, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, sai ruwa ya ciko kwalekwale ke ratsa lungunansa da daɗi. Idan ya janye, laka za ka tarar. Saboda haka mai jirgi ne zai faɗi lokacin zuwa can, sauran yawon a jera shi a kan wannan. A nan ake ganin kwasakwasa da shaho mai kamun kifi.

Da yawa kuma kan zo da zaton dabbobi na jiransu. Tun 2021 UNESCO ta sa Farasan cikin wuraren da ake kare halittunsu, akwai barewa, da dolfin, da kunkurun ruwa, har da wani dangin ayu, amma barewa da sanyin safiya ko yamma take fitowa, ayun kuwa da wuya a gan shi. Idan dolfin suka bayyana, kada a matsa wa mai jirgi ya bi su. Rage gudu ne ke sa su matso. Kada a ɓalli murjani don tsaraba, kada a bar leda, kunkuru na haɗiye ta ya mutu. Mai son ganin kifin harid, wani kifi mai baki kamar na aku, ya auna watan Afrilu, lokacin da ake bikin kamunsa.

Shiga ruwa ba takalmi ma kuskure ne, murjani na yanka kamar reza, ga halittu masu ƙaya a tsakanin duwatsu. Takalmin roba mai rufe ƙafa ya wadatar. Mai saurin jiri ya sha magani kafin jirgi ya tashi, ya ci abinci kaɗan, ya zauna tsakiya. A ɗebi ruwan sha fiye da yadda ake zato, kuma in da zaɓi a je tsakanin Nuwamba da Maris, don zafin bazara a Jizan da gumi yake zuwa.