Yadda za ka tare ruwan damina tun bai wuce ka ba

Matasan Mai Wurno, garinmu na nan Sudan, suna ta tura wa juna hotunan duwatsun Ruwenzori, can kan iyakar Uganda da Kwango, wai ƙanƙarar da ke kansu ta kusa ƙarewa, kogin Nilu zai ƙafe. Ƙanƙarar kam tana ƙarewa, ɗumamar duniya ke cin ta. Sai dai abin da take zubawa a Farin Nilu bai taka kara ya karya ba, mu kuwa a bakin Shuɗin Nilu muke, wanda ke tasowa daga tafkin Tana na Habasha. Namu kogin ruwan sama ne ke cika shi. Saboda haka abin sa wa ido shi ne yadda damina ta sauya hali.

Masana sun ce idan iska ta ƙara zafi da digiri 1, tururin da take iya ɗauka yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. A gona ga yadda abin ke fitowa: hadari ya ɗauke ƙafa har baƙar laka ta tsage, ran da ya dawo kuma ya juye na mako biyu a dare guda. Dattawa sun sha farin 1984 da ambaliyar 1988. Yaranmu ma sun ga ta 2020, da kogi ya haura mita 17 da rabi a Khartum ya rushe dubban gidaje. Ruwa yana zuwa, zama ne ba ya yi.

Fara da rufin ɗakinka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ke nan. Rufin kwano mai murabba'in mita 40, in aka yi ruwa na milimita 30, zai zubo lita 1,200, wato duro shida masu cin lita 200. Ɗaura indararo tun a watan Mayu. Ruwan farko ka bar shi ya zube, ƙurar rani ce da kashin tsuntsaye. Kowane duro a rufe shi ruf, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gida a tsakar gidanka.

Babban aikin yana gona, kuma shi ne taras, ganuwar ƙasar nan da manoman Kasala da Gadarif suka daɗe suna yi. Bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, taka gonarka ka ga inda ya gangara. Ta can ƙasa za ka ja doguwar ganuwa, ka yi mata hannu biyu da suka hauro hagu da dama, ka bar gefen sama a buɗe don ruwa ya shigo. Tsayinta ya kai gwiwa, gindinta ya yi faɗi, a daddaɓe ta da kyau. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne mafita. Bar wani wuri a ƙarshen hannu ɗaya da ya fi sauran gajarta, ka jera masa duwatsu ko buhunan ƙasa, domin rarar ruwa ta fita ta nan a hankali. Na ga gonar wani maƙwabcina da ya toshe ko'ina don kada ɗigo ya kuɓuce masa. Daren ruwan Agusta ganuwar ta ɓalle daga tsakiya, ta kwashe dawar da ta kai ƙugu, ta bar masa rami mai zurfin da jaki zai ɓuya. Baƙar lakarmu kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata fiye da kwana biyu ko uku, saiwa ruɓewa take yi. In ka ga ya ƙi tsotsewa, ɗauki fartanya ka ɓula masa hanya.

Duk wannan a gama shi kafin Yuni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun iri, ni ba na zuba shi duka a ruwan farko. Raba shi biyu, ka riƙe rabi har sai jiƙa ta kai tsawon tafin hannu in ka tona. Ka haɗa da dawa mai saurin nuna irin Arfa Gadamak, ko da ka fi son ɗanɗanon wata, don in damina ta ɗauke da wuri kada ka tashi da kara kawai.

Masu noman jarf, wato gaɓar kogi da ake shukawa in ruwa ya ja baya, lissafinku ya fi na kowa rikicewa, kuma ba yanayi kaɗai ya jawo ba. Madatsar Sinnar tana nan tun 1925, ta Rusairis tun 1966, iyayenmu sun san takunsu. Amma tun 2020 da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta, hawa da saukar kogi sun koma hannun masu buɗe ƙofofi, kuma laka mai taki da ke sauka a jarf ta ragu. Tanadi takin dabbobi. Kada ka kafa injin ban ruwa a can ƙasa don kawai kogi ya ja baya. Ɗora shi a tudu ka ƙara tiyo, ko ka ɗaure shi a kan abin da mutum biyu za su iya janyewa cikin dare. Kafa sanda mai zane a bakin ruwa, yaro ya duba safe da yamma, kuma a riƙa tambayar 'yan uwa na Damazin ta waya, domin su ruwa ke fara iskewa.

Sai ruwan sha. Bayan ambaliya rijiya da masai sukan haɗu, daga nan kwalara ke shigowa, mun kuwa ga ɓarnar da ta yi a 2024. In ruwa ya yi jawur, a daka ƙwayar zogale busasshiya, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama a zuba, a juya sosai, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Dattin zai kwanta a gindi, sai a tsiyaye na sama. Hajiyoyinmu sun iya wannan tun da can, amma a gaya musu garau ɗin da ya yi ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu. A tafasa shi, ko a jefa ƙwayar kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a juye a randa. Moɗar randa kuma a rataye ta a ƙusa, kada yara su riƙa ajiye ta a ƙasa.